Darasi na 14: Shirin Tafiyar Farko Zuwa Birnin Landan

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ka iya:

1. jera matakan shirin tafiya ƙasar waje bi da bi;
2. amfani da kalmomin tafiye-tafiye a cikin jimlolinka;
3. gina jimlolin lokaci na gaba da na umarni, tare da amfani da "kafin" da "bayan";
4. rubuta tsarin tafiya ta 'yan kwanaki da Hausa.

A. Karatu

Karanta wannan bayani a zuci sau ɗaya, sannan ka sake karanta shi a bayyane.

A zamanin da, idan fataken Kano za su tafi Gwanja sayen goro, sukan yi watanni a hanya. Madugu ba ya ta da ayari sai ya san inda za a ya da zango, da kogin da za a ƙetare, da yawan guzurin da zai kai jama'a ya komo da su. A yau jirgin sama yakan tashi daga Legas ko Abuja ya sauka a Landan cikin kimanin awa shida da rabi. Hanya ta gajarta, amma shiri yana nan da tsawonsa. Tafiyar yini ɗaya takan ci shirin wata uku ko fiye.

Wata rana kai ma kana iya samun dalilin zuwa Landan, babban birnin Birtaniya: gasar makarantu, ko bikin yaye wani ɗan'uwa daga jami'a, ko ziyarar dangi. Shirin irin wannan tafiya matakai ne, kuma kowane mataki yana hawa kan wanda ya gabace shi. Wanda ya tsallake ɗaya, ko ya gabatar da na baya, yana iya asarar kuɗin da iyayensa suka daɗe suna tarawa.

Dalili da lokaci

Tambaya ta farko ita ce: me za ka je yi, kuma kwana nawa za ka yi? Amsar wannan tambaya ce za ta nuna irin bizar da za ka nema, da yawan kuɗin da za ka tanada, da kayan da za ka ɗauka. Ita ce kuma tambayar da za a yi ta maimaita maka, tun daga takardar neman biza har zuwa gaban jami'in shige da fice.

Daga nan sai zaɓen lokaci. Yanayin Landan ya sha bamban da namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne mai tsanani. Ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 5, wani dare har ruwa ya daskare. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. A watan Yuni kuwa gari yakan waye kafin ƙarfe 5, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Daga Yuni zuwa Agusta an fi samun ɗumi da dogon yini, sai dai a lokacin ne baƙi suka fi yawa, tikiti da masauki kuma suka fi tsada. Idan kana da zaɓi, watan Mayu ko Satumba ya fi sauƙi ga baƙon farko. Ruwan sama kuwa ba shi da damina a can. Kowane wata yana iya zuba.

Fasfo da biza

Fasfo shi ne shaidar da ƙasarka ta ba ka. Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ce take bayar da shi, kuma sai kana da lambar shaidar ɗan ƙasa. Akwai mai shafi 32 da yake aiki shekara 5, akwai mai shafi 64 da yake aiki shekara 10. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun zo iri ɗaya a dukkan takardunka. Bambancin harafi ɗaya tsakanin fasfo da tikiti ya isa ya ɓata maka rana a filin jirgi.

Biza kuwa izini ne da ƙasar da za ka ziyarta take bayarwa. Ɗan Najeriya da zai je Birtaniya ziyara yakan nemi bizar baƙo, wadda take ba shi damar zama har wata shida, amma ba ta ba shi damar yin aikin albashi. Ana cike takardar nema ta intanet, a biya kuɗi, sannan a je cibiyar karɓar takardu, kamar ta Legas ko ta Abuja, a ɗauki hoton mutum da zanen yatsunsa. Ana iya nema tun saura wata uku a tafi, amsa kuma takan fito cikin kimanin mako uku. Dokokin biza da kuɗinta sukan canza, saboda haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya da kanka kafin ka fara.

Abu uku masu duba takardu suke so su gamsu da su: cewa ziyara za ka je da gaske, cewa akwai kuɗin da zai ɗauki nauyinka, da cewa za ka komo gida. Don haka akan haɗa da bayanin asusun banki na mai ɗaukar nauyi, da wasiƙar gayyata idan akwai, da wasiƙar makaranta mai nuna kai ɗalibi ne kuma ana jiran dawowarka. Wanda bai kai shekara 18 ba yana bukatar amincewar iyayensa a rubuce, da bayanin wanda zai kula da shi a can.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa hannun 'yan damfara. Wani zai ce yana da hanya, zai "gyara" maka takardar banki, ko ya samo maka gayyatar wanda ba ka taɓa gani ba. Ka guje shi. Babu dillalin da yake da ikon ba da biza. Idan aka kama takardar jabu, sunanka ne a kanta, kai ne kuma za a iya hana wa shiga ƙasar har shekara goma. Kuɗin da ka biya ma ba a mayarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ka kuma sani cewa bizar Birtaniya ta Birtaniya ce kawai. Jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin teku daga Landan zuwa Paris cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma ba za ka shige shi ba sai da bizar da Faransa take karɓa.

Kasafi da guzuri

Kuɗin Birtaniya shi ne fam. Kalmar ba baƙuwa ba ce a Hausa, domin Najeriya ma ta yi amfani da fam da sule da kwabo har zuwa 1973, lokacin da aka fito da naira. Darajar naira a kan fam tana hawa tana sauka, shi ya sa ya fi kyau ka yi lissafinka da fam, sannan ka juya shi zuwa naira da farashin ranar.

Ka ɗauki takarda ka raba ta gida shida: biza, tikiti, masauki, abinci, sufuri, da kuɗin ko-ta-kwana. Gida na shida shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ne mai ceto idan jaka ta ɓace ko jirgi ya yi jinkiri. Yana da kyau ka sayi inshorar tafiya, domin baƙo yakan biya kuɗin jinyar asibiti a can, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Idan jimillar ta fi ƙarfin aljihu, ka rage kwanaki, kada ka rage kuɗin abinci. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Landan gari ne na kati. Motocin bas na birnin sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, wasu shaguna ma ba sa karɓa. Ka je bankinka tun da wuri ka tambaya ko katinka yana aiki a ƙasar waje, da iyakar abin da za ka iya kashewa da shi. Ka riƙe 'yan tsabar fam kaɗan, amma kada ka zuba su duka a wuri ɗaya.

Tikiti da masauki

Sai biza ta fito sannan ka biya kuɗin tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ɗoki ya fi sa mutane su karya. Mutum ya ga tikiti mai araha ya saya, biza ta makara ko a hana shi, kuɗi ya bi ruwa. Kafin biza ta fito, aikinka shi ne kwatanta farashi da zaɓen ranaku.

Tikitin zuwa da dawowa za ka yanka. Jirgin da yake tafiya kai tsaye yakan fi tsada, amma ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba. Idan ka zaɓi mai ya da zango a wata ƙasa, ka bincika ko ƙasar tana neman bizar wucewa. Ka lura kuma da filin da za ka sauka, domin Landan tana da filayen jiragen sama da dama. Heathrow yana yamma da birnin, Gatwick yana kudu, kuma tsakaninsu akwai tafiya.

Wajen masauki, kusanci da tashar jirgin ƙasa ya fi girman ɗaki muhimmanci. Otal mai araha da yake bayan gari yana iya cinye maka rarar a kuɗin sufuri da ɓata lokaci. Idan gidan dangi za ka sauka, ka karɓi cikakken adireshi tare da lambar unguwa da ma'aikatan gidan waya suke amfani da ita, ka rubuta a takarda. Waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da ake tambayarka inda za ka kwana.

Haɗa kaya

Yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda akwati ɗaya ya wuce kilo 23. Ka auna naka a gida. A jakar hannu za ka sa fasfo, da tikiti, da kuɗi, da magungunanka tare da takardar likita, da tufafi na canji ɗaya. Yawancin filayen jirgi ba sa barin a shiga da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Ka ɗauki hoton fasfonka ka bar kwafi a gida.

Ka tanadi rigar sanyi mai kauri, da laima, da takalmi mai daɗin tafiya, domin baƙon Landan yakan yi tafiyar ƙasa mai yawa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, saboda haka cajarka za ta yi aiki.

Ga wani abu da yake ba matafiya mamaki. Al'adarmu ce mu tafi da tsaraba, kuma dangin da ke can suna marmarin abincin gida. To, dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da madara da abin da aka yi da su. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun shiga cikin wannan hani, kuma jami'an kwastan za su ƙwace su. Haka kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko daga hannun wa ya fito. Duk abin da aka samu a jakarka, kai ne mai shi a idon doka.

Sauka da zirga-zirga

Ka isa filin jirgi awa uku kafin lokacin tashi. Bayan ka sauka a Landan, za ka bi layi zuwa wurin jami'an shige da fice. Za su tambaye ka dalilin zuwanka, da inda za ka sauka, da ranar komawarka. Ka amsa a taƙaice, cikin natsuwa, kuma amsarka ta dace da abin da ka rubuta a takardar biza.

Ka duba agogonka. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da na Najeriya. A sauran watanni kuwa Najeriya tana gaba da awa ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta yawo a birnin ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa. An buɗe shi a 1863, shi ne irinsa na farko a duniya, kuma a yau yana da layi 11 da tashoshi fiye da 270. Kowane layi yana da suna da launi a taswira. Daga Heathrow, layin Piccadilly yana kai mutum tsakiyar gari cikin kusan awa ɗaya, kuma ya fi tasi araha nesa ba kusa ba. Ana biya da katin banki ko da katin Oyster. A jirgi za ka taɓa katin a na'ura lokacin shiga da lokacin fita. A bas kuwa lokacin shiga kawai. A kan matakala mai tafiya da kanta, ka tsaya a dama, ka bar hagu ga masu sauri.

Wajen tsallaka titi sai ka yi hattara. Motoci a Birtaniya hagu suke bi, yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Idonka ya saba duba hagu da farko; a can dama za ka fara dubawa. A bakin tituna da yawa an rubuta a ƙasa ɓangaren da za a duba. Idan wani abin gaggawa ya faru, lambar neman agaji ita ce 999. Idan fasfo ya ɓace, ka sanar da 'yan sanda, sannan ka nufi ofishin jakadancin Najeriya da ke titin Northumberland, kusa da dandalin Trafalgar.

Abin da za ka gani

Landan birni ne mai mutane kusan miliyan tara, wanda Rumawa suka kafa a bakin Kogin Thames kimanin shekara dubu biyu da suka wuce. Ba a gama shi a mako ɗaya. Ka zaɓi wuri biyu kawai a kowace rana, kuma su kasance kusa da juna.

Rana ɗaya ka ba unguwar Westminster, inda majalisar dokoki take, da hasumiyar agogon da ake kira Big Ben, da Fadar Buckingham. Kusa da fadar akwai wani gida mai suna Lancaster House. A cikinsa ne shugabannin Najeriya, ciki har da Ahmadu Bello da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka zauna da Turawan mulki a 1957 da 1958 kan tsarin mulkin da ya kai ga samun 'yancin kai a 1960.

Wata rana ka je Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, kuma shigarsa kyauta ne. A sashen Afirka za ka ga kayan tagulla na Masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, waɗanda Najeriya take neman a dawo mata da su. Ka tsaya ka dube su da kyau, ka karanta bayanin da aka rubuta a jikinsu, ka kwatanta da abin da aka koya maka a darasin tarihi. Ba da nisa ba akwai makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, wadda ta yi suna wajen nazarin harsunan Afirka, har da Hausa.

Idan kana sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga Landan a 1957, ka sha jin ana cewa "agogon GMT". Harafin farko na wannan suna daga Greenwich ya fito, wata unguwa a kudu maso gabashin birnin. Ta nan ne layin da aka amince da shi a 1884 ya ratsa, wanda daga kansa ake auna gabas da yamma a taswirar duniya. Idan kuma kewar gida ta kama ka, unguwar Peckham cike take da shagunan 'yan Najeriya da gidajen abincinsu. Masallatai da coci-coci suna da yawa a birnin, kuma za ka iya neman na kusa da masaukinka tun kana gida.

Komawa gida

Mutanen Landan suna girmama layi da lokaci, kuma ba sa son a ɗaga murya a jirgi. Idan ka rikice, ka tambayi ma'aikacin tasha mai kayan aiki a jikinsa. Matambayi ba ya ɓata. Mataki na ƙarshe a shirinka shi ne ranar komawa. Ka komo a ranar da ka faɗa. Wanda ya zarce wa'adin bizarsa ya karya doka, kuma ya toshe wa kansa ƙofar gobe. Wanda ya je ya dawo a kan lokaci kuwa ya kafa shaidar da za ta taimake shi duk ranar da ya sake nema.

B. Ma'anar Kalmomi

fatake: 'yan kasuwa masu tafiya gari mai nisa don saye da sayarwa
madugu: shugaban ayarin fatake
zango: wurin da matafiya suke tsayawa su huta
guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi yake riƙewa don hanya
kasafi: raba kuɗi bisa bukatu kafin a kashe
ko-ta-kwana: abin da aka ajiye saboda bukatar ba-zata
jabu: abin ƙarya da aka yi don ya yi kama da na gaske
dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa don ya sami lada
masauki: wurin da baƙo yake kwana
tsaraba: kyautar da matafiyi yake kai wa mutane
ɗoki: zumuɗin son abu ya faru da wuri
wa'adi: lokacin da aka ƙayyade

Lura: Asalin ma'anar "jirgi" ita ce abin hawa na kan ruwa. Da sababbin abubuwan hawa suka zo, sai Hausawa suka faɗaɗa kalmar, aka sami jirgin ruwa, jirgin ƙasa da jirgin sama. Kalmomin fasfo, biza, tikiti, otal da tasha kuwa aro ne daga Turanci.

C. Tambayoyi

1. Ta wace fuska aikin madugu ya yi kama da na matafiyin yau?
2. Mene ne bambancin fasfo da biza?
3. Kawo abubuwa uku da masu duba takardun biza suke so su gamsu da su.
4. Me zai iya samun wanda ya gabatar da takardar jabu?
5. Don me ya kamata a jira biza kafin a biya kuɗin tikiti?
6. Ambaci tsaraba biyu da doka ta hana shiga da su Birtaniya.
7. Idan ƙarfe 2 na rana ne a Abuja a watan Janairu, ƙarfe nawa ne a Landan?
8. Wace alaƙa ce tsakanin Lancaster House da tarihin Najeriya?

D. Tattaunawa

Ku karanta wannan tattaunawa bibbiyu.

Yaro: Kawu, barka da yamma.
Kawu: Barka kadai, ɗana. Yaya shirin tafiya?
Yaro: Lafiya lau, Kawu. Na ga tikiti mai araha, ina so Baba ya saya mini gobe.
Kawu: Bizar ta fito ne?
Yaro: Tukuna dai. Makon jiya aka ɗauki zanen yatsuna.
Kawu: To, dakata. Kada ku biya ko kwabo kafin ta fito. In an hana ka, wa zai mayar wa mahaifinka kuɗinsa?
Yaro: Haka ne, Kawu. Amma ina tsoron farashin ya tashi.
Kawu: Gara ya tashi kaɗan da a rasa duka. Bayan ta fito, ka zo mu zaɓa tare.
Yaro: Na gode, Kawu. Allah ya ƙara girma.
Kawu: Amin. Ka gai da mutanen gida.

E. Nahawu

1. Lokaci na gaba

Ana nuna aikin da bai faru ba tukuna da "za" tare da wakilin suna:

zan tafi, za mu tafi
za ka tafi, za ki tafi, za ku tafi
zai tafi, za ta tafi, za su tafi
za a tafi

Wajen korewa, ana sa "ba" a farko da ƙarshe: Ba zan ɗauki kilishi ba. Ba za su makara ba.

2. Umarni da hani

Umarni: Ka auna akwatinka. Ki rubuta adireshin. Ku bi layi.
Hani: Kada ka karɓi saƙo. Kada ki manta da laima. Kada ku ɗaga murya.

3. "Kafin" da "bayan"

Waɗannan kalmomi biyu su ne suke jera ayyuka. Wakilin sunan da yake bin "kafin" irin na umarni ne. Wanda yake bin "bayan" kuwa na shuɗaɗɗen lokaci ne. Kwatanta:

kafin in tafi, bayan na tafi
kafin ki sauka, bayan kin sauka
kafin mu biya, bayan mun biya
kafin su iso, bayan sun iso
kafin a duba, bayan an duba

Aiki na 1: Cike gurbi da wakilin sunan da ya dace.

a. Zan nemi fasfo kafin ______ nemi biza.
b. Bayan ______ sauka, za mu hau jirgin ƙasa.
c. Ki duba dama kafin ______ tsallaka titi.
d. Bayan ______ duba takardunsa, aka bar shi ya wuce.
e. Ɗalibai za su ci abinci kafin ______ shiga gidan tarihi.

Aiki na 2: Kore waɗannan jimloli.

a. Zai zarce wa'adin bizarsa.
b. Za mu sauka a Gatwick.
c. Ka ba dillali fasfonka.
d. Ku zuba kuɗinku a wuri ɗaya.

F. Karin Magana

Bayyana ma'anar kowanne, sannan ka nuna matakin shirin tafiya da ya dace da shi.

1. Tafiya mabuɗin ilimi.
2. Sauri ya haifi nawa.
3. Rigakafi ya fi magani.
4. Gani ya kori ji.
5. Daidai ruwa, daidai tsaki.

G. Aikin Aji

1. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya jera waɗannan matakai yadda ya kamata su biyo juna, ya kuma kare jerinsa a gaban aji: yankan tikiti, neman fasfo, haɗa kaya, sanin dalilin tafiya, neman biza, yin kasafi.
2. A ɗauka fam ɗaya daidai yake da naira 2,000. Idan matafiyi zai kashe fam 25 a abinci da fam 10 a sufuri kowace rana, naira nawa zai bukata na kwana bakwai? Rubuta amsarka da lambobi, sannan da kalmomin Hausa.

H. Jinga

Rubuta wa mahaifinka ko mahaifiyarka wasiƙa mai kalmomi 150, ka bayyana tsarin ziyarar kwana uku da kake son yi a Landan ko a wani babban birni na Turai. Ka ambaci watan da ka zaɓa da dalilin zaɓensa, da wuraren da za ka gani kowace rana, da ranar dawowarka. Ka yi amfani da "kafin" da "bayan" aƙalla sau uku-uku.